Motar da Kambai Bai Shiga Ba

Akwai wani injiniya a unguwar Aston ta Birmingham, Bazazzage, sunansa Sunusi. Sana'arsa ba irin ta kowa ba ce. Tsofaffin motocin gudu na Japan yake nemowa, waɗanda tsatsa ta gama cinyewa, ya kwance su kaf, sannan ya sake haɗa su. Jikin na da, cikin na zamani: sabon inji, sabon birki, sabbin wayoyi. In mota ta fito daga garejinsa, sai ka rantse yau aka ƙera ta.

Amma ba da gareji ya sauka a Ingila ba.

Lokacin da ya zo karatu Manchester, ɗakin da aka yi masa alkawari ya suɓuce, ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. Wani direban bas ɗan Kafanchan mai suna Kambai ya ji shi a tasha yana waya da Hausa, murya na rawa. Bai tambaye shi garinsu ko addininsa ba, ya ɗauki jakarsa suka tafi gidansa a unguwar Moss Side. Matarsa Celestina, wadda ake kira Maman Zoe, ta gyara masa ɗakin yara. Har tukunya ta daban ta saya saboda shi, kuma in azumi ya zo, kafin ta tafi coci sai ta ajiye masa abin buɗa-baki.

Tun daga nan Sunusi yake kiran Kambai da Yaya.

Shekaru suka tura. Sunusi ya auri Kubura, suka haifi Nabil, ya koma Birmingham, sunansa ya fita. Wata rana ya tura wa Kambai hoton wata ruɓaɓɓiyar mota da ya samo, Datsun 240Z ta shekarun saba'in. Nan take waya ta yi ƙara.

"Ƙanena, ina ka tono wannan?" in ji Kambai. "Irinta ce wani babban ma'aikacin reluwe yake da ita a Kafanchan muna yara, ruwan lemo. In ya taso daga tasha, haka za mu bi ta da gudu ba takalmi har ta ɓace mana. Ka ga duk tuƙin da na yi a duniya, ban taɓa ko leƙa cikin irinta ba. Ranar da ka gama, sai ka zaga da ni."

"An gama, Yaya. Kai ne farkon wanda zai shiga."

Har fenti ruwan lemo ya zaɓa saboda wannan magana.

Sai dai aikin ya shiga ransa fiye da kima. Aka ɗora inji, ya ce ƙararsa ba ta yi masa ba. Aka ɗinka kujeru da fata, ya ce a farke a sake. Motar ta tashi, ta samu izinin hawa titi, amma ya ƙudura cewa babu mai zama a cikinta sai an kai ta wani babban baje kolin tsofaffin motoci, inda alƙalai ke leƙa ƙarƙashin mota da tocila.

Kambai yakan kira yana dariya. "Injiniya, yaya amaryar tamu?"

"Saura kaɗan, Yaya."

Daga baya ma sai ya riƙa kallon kiran har ya katse.

Kubura ta yi masa magana. "Abban Nabil, muryar Yaya Kambai ta canza fa. Na ji Maman Zoe ta ce ya ajiye aiki. Manchester ba bangon duniya ba ce, ka je ka duba shi mana."

"Bari a gama show ɗin nan tukuna," ya ce, idonsa na kan waya.

Wata Asabar da hantsi, Sunusi yana gareji tare da wani Bature mai ɗaukar hoto na mujallar motoci da kuma wani attajiri da yake son ba shi aiki, sai ga mutum a bakin ƙofa yana dogara sanda. Sai da ya sake dubawa ya gane Kambai ne. Ya rame, tsohuwar rigar sanyinsa ta aikin bas ta yi masa yawa. Jirgin ƙasa ya hawo shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba.

Kambai bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya zagaya motar a hankali, idonsa ya kawo ruwa.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce."

Ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa.

"Kar ka taɓa!"

Tsawar ta cika garejin. Shi kansa Sunusi sai da ya ji ta a jikinsa. Baƙin suka juyo suna kallo, shi kuma maimakon ya gyara, sai ya yi musu murmushi ya ce da Turanci, wani ne da ya sani a Manchester.

Wani ne da ya sani.

Kambai ya janye hannunsa, ya goge a jikin rigarsa kamar wanda ya taɓa ƙazanta.

"Ba komai, Injiniya. Na gan ta, ta yi kyau. Likita ne ya ce in rage yawo, shi ne na ce bari in zo tun ƙafa tana ɗaukata. Da ma ko zagaye ɗaya ne."

Sunusi ya ji maganar likitan sarai. Amma mai hoto yana kiransa a matso da fitila.

"Ka jira ni a ofis, Yaya, yanzu zan zo."

Da ya sallami baƙin ya shiga ofis, babu kowa. Ya ɗauki waya zai kira, kunya ta hana shi. Ya ce gobe. Gobe ta zo, ya ce ai gara ya je masa da motar kanta bayan baje kolin, wannan ya fi ban-haƙuri ta waya.

Ranar baje kolin, motar ta zo ta ɗaya. Aka tafa masa, aka ba shi kofi, aka yi ta ɗaukar hoto.

Washegari ya kama hanyar Manchester, yana ta shirya maganar da zai faɗa. Ya faka a ɗan siririn layin nan na Moss Side, maƙwabta suna leƙowa ta taga. Ya danna hon.

Celestina ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Baban Nabil, sai yau?"

A falo, inda kujerar zama take a da, gadon asibiti ne. Kambai yana kwance, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya a sake kamar ba nasa ba.

Sunusi ya juyo gare ta. "Maman Zoe, yaushe? Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Bai daɗe da dawowa daga wajenka ba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta tafi." Ta gyara wa mijinta bargo. "Ranar da ya dawo bai ci abinci ba. Abin da ya ce mini kawai, kar in ƙara damunka, kana da aiki. Ni kuma na riƙe maganarsa. Ko Kubura da ta kira, lafiya lau na ce mata."

Sunusi ya durƙusa a bakin gadon. "Yaya, ni ne. Na kawo ta. Tana waje."

Idanun Kambai suka sauka a kansa, suka tsaya. Babu abin da Sunusi ya iya karantawa a cikinsu.

Ya juya wajen Celestina. "Ko za mu kama shi mu biyu? Nan da ƙarshen layi kawai."

"Mutumin da ba ya iya zama? Masu jinya ma da na'ura suke ɗaga shi. Wannan motar taka mai jan ciki a ƙasa, ta ina za ka sa shi?"

Sunusi ya yaye labule, amma daga gadon ba a hango titi. Sai wata dabara ta zo masa. In ba zai gani ba, ai zai ji. Ya fita da sauri ya murza makulli. Injin da ya ɓata shekaru yana gyara wa murya ya yi ruri, tagogin layin suka ɗauka. Ya ƙara taka totur.

Celestina ta fito ba ko takalmi.

"Kashe ta! Don Allah kashe ta! Kuka yake yi."

Da ya koma ciki, Kambai ya kawar da fuskarsa wajen bango, hawaye na bin kuncinsa. Ƙarar ce ta dame shi, ko ƙuruciyarsa ya tuna, ko kuwa tsawar nan ta gareji? Sunusi bai sani ba.

Ya kama hannun da ke motsi. "Yaya, ka yafe mini. Ko da ido ne, ka nuna mini."

Fuskar Kambai na nan wajen bango.

Sunusi ya dubi Celestina kamar mai roƙo. Ta girgiza kai.

"Na san halin mijina, bai iya riƙo ba. Amma ba zan ari bakinsa in ci masa albasa ba. Shi ka yi wa, ba ni ba."

Daga ranar Sunusi ya lulluɓe motar a kusurwar gareji. Duk Asabar sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Shi ke yi wa Kambai aski, ya ba shi kunu a cokali, ya zauna yana ba shi labarin da ba a amsawa. Duk zuwa sai ya sake roƙon gafara, ya zuba wa fuskar ido ko zai ga alama.

Da sanyi ya kama, Kambai ya rasu, bai sake furta kalma ko ɗaya ba.

A maƙabarta, Sunusi yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Fasto ya yi ta ambaton alherin mamacin, yadda ƙofarsa ba ta rufuwa ga baƙo. Mutane suna juyowa suna yi wa Sunusi ta'aziyya, suna cewa Allah ya saka masa, ya riƙe amana har ƙarshe. Kowace kalma kamar ana zuba masa garwashi.

Masu son motar sun yi ta zuwa. Ya kasa sayarwa, ya kasa hawa. Kubura ta ce ko hoton baje kolin ba ya son gani a gidan.

Har yau Sunusi bai san ko an yafe masa ba, kuma mutum ɗaya da zai iya gaya masa yana ƙarƙashin ƙasa.

Darasi: Ƙarfe yana jira, ɗan Adam ba ya jira. Motar da ta ruɓe ana iya tayar da ita, amma zuciyar da ka karya ba kullum ake samun damar gyara ta ba. Kada abin hannunka ya sa ka ji kunyar wanda ya riƙe ka lokacin da ba ka da komai, kuma in ka yi kuskure, nemi gafara tun mai yafewa yana da baki. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda kiransa ke jiran a ɗauka yau.