Jatau da Ƙanshin Lantana

Ku matso kusa, ku yi shiru. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Kun san ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke yi wa ruɓaɓɓen mangwaro rubdugu? To, su ba da ido suke gane juna ba. Kowa da ƙanshin jikinsa. Ɗaya ya taɓa ɗaya da ƙafa, ya ɗanɗana, sai ya san ko wane ne.

Akwai wani cikinsu, Jatau, da matarsa Lantana. Wata rana ta fita neman wurin yin ƙwai, ba ta dawo ba. Jatau ya kasa ci, ya kasa sha. Yana zaune zugum sai iska ta kawo masa ƙanshinta daga wani kangon rumbu. Ya zabura.

Tururuwa ta tare shi: "Ina za ka?"

"Lantana na jiyo."

"Masu shiga rumbun nan nake gani, ban taɓa ganin mai fita ba."

"Ke me kika sani?"

Gyare ya ce, "Can ko ni ba na kuka."

"Matsalarka ce."

Ƙadangare kuwa ya ɗaga kai ya sauke.

Cikin rumbu duhu, tsit. Ga Lantana a rataye tana lilo a hankali. Jatau ya miƙe fiffike ɗaya ya kaɗa mata waƙar da ya neme ta da ita. Ba ta juyo ba. Ya sake, ya sake. Ya so ya ja da baya, amma ƙanshin yana ce masa ita ce. Ya miƙa ƙafa ya taɓa ta. Ita ce kuwa, amma fanko, kamar ɓawon gyaɗa. Ya ja ƙafarsa, zare ya riƙe gam.

Gizo ya sulalo daga sama. "Sannu da zuwa, angon Lantana."

Jatau na kuka ya ce, "Cinye ni ka huta."

"Haba, gaggawar me? Nata ƙanshin ya kusa gushewa, naka kuwa sabo fil."

Ya naɗe shi, ya rataye shi a bakin rumbu inda iska ke wucewa. Can sai Jatau ya jiyo mahaifiyarsa tana cewa, "Ga ƙanshinsa nan, ku biyo ni!"

Ya ƙwala ihu: "Inna, koma!"

Tana jin muryarsa ta ƙara sauri.

Kun ji, jikokina: mugu da abin da ka fi so yake kiranka. In mutane sun ce ka dakata, dakata ka duba.

Ƙurunƙus kan kusu. Mai jin tsoro ya zo ya kwanta bayana.