Rijiyar da Ta Haifi Birni

Akwai wani mutum a zamanin dā, mai yasar rijiya a wani babban birni. Sunansa ya ɓace mini. Na daɗe ina lalubensa a kaina, ban same shi ba, na matarsa ne kaɗai ya tsaya, Yalwa. To, mu bar shi haka, Ubangiji ya san sunansa.

Birnin nan ba da girma ya fara ba. Kakan kakan mutumin nan ne ya haƙa rijiya a gindin wata tsamiya, a kan hanyar fatake, inda akan yi tafiyar kwana uku ba a ga ruwa ba. Wata rana wani falke ya iso da jakinsa guda, ya sha, ya shayar da jakin, ya sauke kaya a inuwa ya huta. Da ya tafi ya faɗa wa waɗansu. Daga nan wurin ya zama zango, zango ya zama kasuwa. Masu gishiri da kanwa suka gangaro daga arewa da raƙuma, masu goro suka hauro daga kudu. Maƙera suka kafa maƙera, marina suka haƙa marina, aka naɗa sarki, aka ja ganuwa mai ƙofa bakwai. Ko tara ce? Marigayiya matata Rifkatu takan ce duk sa'ad da na ba da labarin nan sai na ƙara ƙofa ɗaya. Mu ce bakwai, don ta ji daɗi. Garuruwa na kusa da na nesa suka shiga ƙarƙashin birnin, har sunansa ya kai inda mutanensa ba su taɓa takawa ba.

An haƙa waɗansu rijiyoyi a unguwanni, amma duk sukan ƙafe da rani. Ta gindin tsamiya ce kaɗai ba ta ƙafewa, shi ya sa ake ce mata uwar rijiya.

Mutanen birnin kuwa suna da wata al'ada. Kowace shekara da bazara, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa, mai shela yakan zaga gari, kowace unguwa ta ba da maza. Mutumin nan ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka can ƙasa, ya riƙa cika guga da laka da yashi da ruɓaɓɓen ganye da guntayen tulu, maza suna ja suna zubarwa, mata suna kawo kunu. Kwana uku ana yi, har idon ruwan ya buɗe. Wannan ita ce yasa. Ba mai ganin aikin da ido, sai dai mutum ya kurɓi ruwa ya ce, "Kai, ruwan garin nan da daɗi yake."

Ana nan sai aka yi wani sabon sarki. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana ƙaunar birninsa ƙwarai, har da ya ji labari cewa akwai wani birni a gabas wanda ganuwarsa ta fi tasu tsawo, abinci ya ƙi shiga bakinsa. Sai ya ba da umarni, daga kaka har faɗuwar ruwan fari kowane namiji ya tafi aikin ganuwa. Aka yi ta jan ruwan uwar rijiya ana kwaɓa ƙasa, ana yin tubali. Bazara ta zo ta wuce, ba a yi shelar yasa ba. Shekara ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

Mutumin ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ba a yashe uwar rijiya ba. A ba ni maza goma, kwana uku kawai."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Baba, ruwa ya ƙare ne?"

Ya ce, "Bai ƙare ba tukuna, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To, ka gani. Baƙo idan ya doso gari, ganuwa yake hange. Wa ya taɓa yin tafiyar wata guda don ya leƙa gindin rijiya? Amma ba zan bar ka ka koma hannu wofi ba."

Sai ya aiki magina suka gyara bakin rijiyar, suka shafe shi da farar ƙasa, suka yi masa zane mai kyaun gaske. Mutumin ya koma gida ya faɗa wa Yalwa. Ta ce, "Wato an yi wa mai ciwon ciki kitso ke nan."

Birnin bai faɗi rana ɗaya ba. Ba wanda ya kawo masa yaƙi, ganuwar ma ba wanda ya taɓa gwada hawanta. Da fari ruwan ne ya soma fitowa ja. Daga baya guga ya riƙa dawowa rabi. Wani madugu ya iso da ayarinsa, ya yini yana jira raƙumansa su sha, bai samu ba, da shekara ta kewayo sai ya bi wata hanya. Fatake kuwa ba sa ɓoye wa juna labarin ruwa. Ayari ya ragu, kasuwa ta yi sanyi. Marina suka tashi, gama rini ba ya yiwuwa sai da ruwa. Garuruwan da suke ƙarƙashin birnin suka daina zuwa gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya. Sa'ad da sarki ya tuna da maganar yasa, mazan da za su ja guga sun riga sun watse. A ƙarshe shi ma ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari a bakin kogi, yana waiwayen ganuwarsa yana hawaye.

Ina saurayi na taɓa tsayawa a kan tsohuwar ganuwar wani kufai, na ga gero ya yi kyau a inda aka ce mini nan fada take. Masu karatun tarihi sun san sunaye irin su Gazargamu da Surame, birane masu ban tsoro a zamaninsu, yau kuwa shiru. Kowanne da abin da ya kayar da shi. Amma na kauce, ina muka tsaya? Yawwa, a wurin tsohon nan da matarsa.

Su biyu suka rage, gama a lokacin sun tsufa. 'Ya'yansu sun bi jama'a, suka aiko cewa su taho, an yi musu ɗaki. Uwar rijiya kuwa ta riga ta daina ba da ruwa. Ruwan da suke sha na wani kududdufi ne, ramin da aka bari wurin ɗiban ƙasar ganuwa, shi ma kullum janyewa yake yi. Suka duba suka ga ba zai wuce kwana ashirin ba. In ya ƙafe rijiya ba ta kawo ruwa ba, dole su tashi su bar ta har abada.

Mutumin ya zauna a bakin rijiya yana duban zanen sarki, ya ce, "Yalwa, ruwan nan bai mutu ba. Yana nan a ƙasa, laka ce ta danne shi. Sauka zan iya, amma ba mai ja mini guga."

Ta ce, "Ni fa, itace ce?"

Ya ce, "Ke? Tun da aka haƙa rijiyar nan mace ba ta taɓa jan gugan yasa ba. Kunu ne naku."

Ta ce, "To, tashi ka kirawo mazan, ga su can cike da kasuwa." Ta nuna masa rumfunan da ba kowa sai ƙadangaru. "Maigida, shekara arba'in ina jan ruwan wankanka daga rijiyar nan, ban ji ka ce aikin maza ba ne."

Ya yi dariya har da tari. Kashegari da sassafe ya ɗaure igiya a jikin tsamiya ya sauka a hankali, yana taka ramukan da kakanninsa suka sassaƙa a bangon rijiyar. Ya cika guga, ta ja, ya ƙi motsi. Ta leƙa ta ce, "Tsoho, rage! Ka ɗauka budurwa ka aura jiya?" Ya rage ya zama rabi. Haka suka yi ta yi, rabin guga, rabin guga. Rana ta yi zafi su huta a inuwa, ta shafa masa man kaɗanya a gwiwa, shi kuma ya naɗe mata tafin hannu da tsumma inda igiya ta ci.

Aikin da maza goma suke gamawa a kwana uku ya kai su kwana goma sha bakwai. Kududdufi ya zama taɓo, sai sun tace da zane kafin su sha. A rana ta goma sha takwas Yalwa ta ji shiru a ƙasa. Ta leƙa ta ce, "Maigida! Ka yi magana mana!"

Sai ta ji muryarsa, ya ce, "Yalwa, ƙafata ta yi sanyi."

Ta ce, "Wayyo, ciwon ne?"

Ya ce, "Ruwa ne."

Suka bar shi ya kwanta kwana biyu, sa'an nan suka ja. Fari tas, da daɗinsa irin na dā. Ba a yi mako guda ba, sai ga wani falke ya shigo ta ƙofar da ba mai tsaro, shi da jakinsa guda, leɓunansa sun bushe. Bai ko ɗaga kai ya dubi ganuwa ba. Ya ce, "Sannunku, Baba, Inna. Ko akwai ruwa?" Yalwa ta miƙa masa ƙwarya. Ya sha, ya shayar da jakin, ya sauke kayansa a gindin tsamiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattuna, birnin nan ranka ne, gidanka ne kuma, har da ikilisiyarmu. Abin da ya tara mu tun farko ba gini ba ne, ruwan rai ne da Ubangiji ya buɗe a zuciyarmu kyauta. Ganuwa ita ce abin da mutane suke gani, sabon rufin majami'a, da tufafi iri ɗaya na 'yan zumuntar ikilisiya, da sunan kirki a gari. Ba laifi ba ne, birni yana bukatar ganuwa. Sarkin nan ma ƙauna ce ta sa shi, sai dai ya ƙaunaci abin da ake hange ya manta da abin da ake sha.

Laka kuwa ba ta zuba rana ɗaya. Ɗan fushin da aka kwana da shi, da gaisuwar da aka hana maƙwabci, da addu'ar da aka ce sai gobe, su ne suke taruwa a ƙasa, bakin rijiya kuwa yana nan da zanensa. Kada ka jira sai guga ya dawo wofi. Ka sauka ka tuba, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa rai. Kada kuma ka ce kai kaɗai za ka yi, gama mai yasa yana bukatar mai ja masa guga. Wataƙila wanda Allah ya tanadar maka yana nan cikin gidanka, shekara da shekaru kana ce masa kunu ne nasa.

In kuwa kana ganin ranka ya riga ya zama kufai, kowa ya watse, ka ji abin da tsohon nan ya ce, ruwan bai mutu ba. Ni kaina sunaye suna zube mini yanzu kamar tubalin tsohuwar ganuwa, jiya ma sai da na tambayi jikata sunanta, ta yi ta dariya. Amma da safe in na durƙusa, ina samun ruwan yana nan da sanyinsa. Ku fara yau, ko da rabin guga ne.