Shaidar Ƙuda

An yi wani mutum a ƙauyenmu na bakin teku, can wajen Samaná. Ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba. Ciwonsa ɗaya: kome aka tambaye shi ya sani. In zai yi magana sai ya bugi tebur, murya kamar ƙararrawar coci. Mutane kuwa suka ɗauki ƙarfin muryar nan a matsayin ilimi. Wurinsa ake tambayar yaushe za a yi ruwa, da maganin haƙori, da wanda zai ci zaɓe.

Ya 'yan uwa, kun san pikuwa, dogon kifin nan mai haƙoran kare. Wata lafiyayya ce, wata tana ɗauke da dafin da wuta ba ta kashewa, kuma ido ba ya bambance su. Na tsufa ina kallon teku ina mamakin wannan halitta, kyau da ajali cikin fata ɗaya. Shi ya sa iyayenmu suke yanka wa kyanwa tsoka tukuna, su jira su ga yadda za ta kwana.

Wata Lahadi masunci Eladio ya kawo masa ƙatuwar pikuwa. A gidan mutumin nan akwai jikarsa Yaniris, 'yar ƙaramar yarinya, wadda uwarta ta kawo hutu daga birni.

Matar mai gidan, Nereida, ta ce, "Tsoho, bari in ba kyanwa tukuna. Girman kifin nan bai kwanta mini ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ke tsohuwa, kyanwa ce za ta riga jikata cin daɗi? Dubi ƙudaje a kansa! Ƙuda ba ya sauka a kan mai dafi. Ni na gaya miki."

Eladio ya ce, "Tunda babba ya faɗa, ai magana ta ƙare. Ɗora mai, uwar gida."

A ina tsohon ya samo wannan magana ta ƙuda? Wa ya taɓa gwada ta a gabansa? Ji ya yi a bakin wani, ya maimaita da ƙarfi har shi ma ya gaskata.

Aka soya kifi da ayaba. Da hannunsa ya cire wa yarinyar ƙaya, ya ba ta tsokar kai, inda ya fi maiƙo.

Kafin la'asar duk gidan sun kwanta da amai. Nereida ta rarrafa ta ɗebo wa yarinyar ruwan sanyi. Yaniris ta kurɓa, ta fashe da kuka: "Kaka, ruwan nan ƙona ni yake yi!" Haka dafin yake, sanyi ya zama wuta a baki. Manya suka tashi bayan jinya. Yarinyar ba ta kai asibiti da rai ba.

Uwarta Milagros ta zo daga birni. Ba ta yi ihu ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ta durƙusa gaban tsohon ta ce, "Baba, tambaya ɗaya. Ka sani ne, ko faɗa kawai ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki jakar 'yarta ta tafi, ba ta sake taka gidan ba har ya mutu.

Ya 'yan uwa, faɗin abin da ba ka sani ba da muryar wanda ya sani zunubi ne, ko da da ƙauna ka faɗa. Mai sauraro kuma ya tambaya: ta yaya ka sani? "Ban sani ba" ba ta da nauyi a harshe, amma da an faɗe ta ranar nan, da Yaniris ta girma.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu, ya kiyaye ƙanananmu daga tabbacinmu. Amin.