Direban da Ya Ƙi Tsayawa a Badar

An yi wani mutum a nan Madina, ba da daɗewa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don waɗansunku sun sha shayi da shi a titin Sultana.

Direba ne. Yana kai ma'aikatan wani kamfani Yanbu a ƙaramar bas, ranar Alhamis ya ɗauko su zuwa gida. Wannan aikin ne ya riƙe masa iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin iƙamar kuma matarsa Fatna da 'yarsu Afnan suke zaune. A Madina aka haifi Afnan, ba ta san wani gari ba. Burinsa bai wuce ya tsufa a nan yana kallonta ba.

Ba ya sha, ba ya caca, ba ya ɗaga wa matarsa murya. To, ta ina Shaiɗan ya shigo? Ta wayar hannu.

Akwai wani tsohon bidiyo da ya samu, na tseren motoci a Amurka, na ƙarshe a shekarar, wanda ake fitar da gwani a cikinsa. An yi shi tun yana yaro, hoton ma ya koɗe. Motoci ne irin na kan titi, an shafa musu lamba, suna ta zagaya fili ɗaya kamar masu neman abin da suka yar. Dab da ƙarshe kowa ya ratse ya sake tayoyi. Mai jar mota kaɗai ya ƙi tsayawa, kuma shi ya ci.

Ya kalli bidiyon har ya haddace. In ya zo wurin sai ya kira matarsa.

"Fatna, zo ki ga namiji."

"Abu Afnan, wannan namijin naka ai yanzu ko ya mutu ko yana dogara sanda. Taso ka ci abinci."

Sai ya yi dariya, ya taso.

Da abokinsa Barau, direban ɗaya bas ɗin, suka fara gasar wa zai riga shiga Madina. Wasa ne a wajen Barau. A wajen mutuminmu ya zama addini, har ya samo masa hujja. Sai ya bar Yanbu bayan azahar ya ce a Harami zai yi la'asar, tunda salla ɗaya a masallacin Annabi ta fi dubu a wani wuri. Ya 'yan uwa, hadisin gaskiya ne. Amma ku tambayi kanku: ladan yake kora, ko Barau?

A kujerar gaba wani dattijo yake zama, Malam Tahir, Bahaushen Sudan mai dafa wa ma'aikata abinci, gidansa a unguwar Ƙiblatain. Shi ne ya raɗa wa Afnan suna. Kullum sai ya riƙo mata soyayyen kifin Yanbu a takarda.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumi, zafi ya yi zafi, kwalta har ƙyalli take. Su biyu sun yi kunnen doki a gasarsu, wannan tafiyar ce za ta raba. A Badar suka hango bas ɗin Barau a gaban mai gyaran taya, fasinjojinsa suna alwala.

Malam Tahir ya ce, "Ɗana, mu ma mu tsaya. Tayar nan ta gefena tun ɗazu take kuka."

"Ya ammi, baffana, salla dubu fa! Ka bari in kai ka."

"Ni guda ɗaya ma ta ishe ni, in dai da raina zan yi ta."

Mutanen baya suka yi dariya. Direban ma ya yi, ya danna wa Barau hon, ya wuce. A ransa shi ne mai jar mota.

Abin da bidiyon bai koya masa ba shi ne, wancan Baturen shi kaɗai ne a motarsa, da hular kwano, da ƙarafa kewaye da shi, da motar asibiti tana jira. Shi kuwa iyayen yara ya ɗauko.

Ba su yi nisa da Badar ba tayar ta fashe, motar ta kife. Barau ne ya iso ya janye su ɗaya bayan ɗaya, yana kuka yana kiran sunayensu. Kowa ya fita da rai sai Malam Tahir.

Malam Tahir ya isa Harami. Washegari aka sallace shi a can, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Wanda ya yi alkawarin kai shi yana kwance a asibiti, an yanke masa ƙafar dama.

Halimatu, matar mamacin, ta zo duba shi. Ya juya fuska bango. Ta ce, "Juyo, ɗana. Na yafe, 'ya'yansa ma sun yafe. Yana ƙaunarka, ba zan ƙi abin da yake so ba." Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta yafe, amma kamfani ba ya riƙe direba marar ƙafa. Iƙama ta ƙare, ba a sabunta ba, dole su bar ƙasar. A filin jirgi Afnan ce ta tura kekensa. Ta sunkuyo ta gyara masa hula, ta tambaye shi da Larabci, "Baba, yaushe za mu dawo gida?" Ya riƙe hannunta kawai.

Ya 'yan uwa, wannan mutumin ba mugu ba ne, shi ya sa labarinsa ya fi ba ni tsoro. Son a ce ya fi wani ne ya shige shi, ya sa wa abin rigar ibada don kada kowa ya yi masa magana. Ran da ke bayanka a mota amana ce. Ba a nemo lada da jinin wani. In dattijo ya ce ka tsaya, ka tsaya. Harami yana nan, ba ya gudu.

Allah ya jiƙan Malam Tahir. Allah ya sanyaya zuciyar wannan bawa a inda yake, ya raya masa 'yarsa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga son rai mai kama da ibada. Amin.