Finjalin da Fatna Ta Zuba

Akwai wata mata a Harra ta Gabas, a birnin Madina, mai suna Innayatu. Ita ce shugabar wasu mata masu zuba gahawa a gidajen biki, su shida har da ita. A Madina aka haife ta, amma kakarta da ƙafa ta zo daga Katagum, tafiyar shekara uku.

Sana'ar gado ce. Kakarta ta zuba gahawa a gidajen da ba a yarda ta sha a finjalin da ta wanke ba. Uwar Innayatu kuwa ita ce ta fara cewa ba za ta ƙara shiga gidan biki ta ƙofar baya ba, ta yi wata biyar ba wanda ya kira ta aiki, sannan aka dawo ana nemanta. Innayatu ba ta yawan ba da wannan labari, amma tana riƙe da shi.

Cikin matan nan akwai Fatna, 'yar Chadi, wadda ta fi kowa duhun fata, ta kuma fi kowa hannu. Buta a hagu, finjali a dama, ta zuba abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa.

Wata Alhamis bayan la'asar aka kira su wani babban gida a unguwar Sultana. Dangin ango ne za su zo ganin amarya, mutanen ƙauye masu riƙon al'ada. Uwar gida, Ummu Usama, ta tsaya tana duba matan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen yadi. Sai ta ja Innayatu gefe.

"Waccan ta zauna a kicin ta riƙa wanke finjalai," in ji ta, tana nuna Fatna da haɓa. "Waɗannan biyun masu ɗan haske su shiga falo. Kin gane ai, za a ɗauki hotuna."

"Na gane," in ji Innayatu. "Gahawar ce za ta ɓata hoton ko hannun?"

"Ya Khala," in ji Ummu Usama, wato inna da Larabci, "kar ki mai da shi magana. Ni ba ni da wariya, wallahi."

"To madalla. Mu shida muka zo, mu shida za mu shiga."

Fatna ta ji komai. Ta matso ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Yaya, bar shi. Wanke-wanke ba ya kisa. Matar nan in ta ɓata sunanmu, duk Sultana ba mai sake kiranmu."

Gaskiya ta faɗa, Innayatu ma ta sani. Bakin Ummu Usama yana kaiwa gidaje da yawa, kuma mata shida ke ci da wannan aiki. Duk da haka Innayatu ta ce, "Yau kicin, gobe ƙofar baya. Na san hanyar, uwata ta bi ta. Ku ɗauko abayoyinku."

Suka bar gahawar da suka dafa a kan wuta, suka fito tsakar gida suna jiran Zakiyya, 'yar Innayatu, wadda ke tuƙa su tun shekarar da aka ba mata izinin tuƙi. Cunkoson Sultana ya riƙe ta.

A ciki, Ummu Usama ta miƙa butocin ga 'ya'yan ƙanwarta biyu, 'yan jami'a da suka saba da kofin takarda na kanti. Don su nuna karamci, suka cika wa kowace baƙuwa finjali har baki.

A al'adar waɗannan baƙi, cika finjali na nufin sha ki tashi, ba a son zamanki. Kakar ango ta dubi finjalin, ta ajiye shi a ƙasa ba ta kai baki ba. Mata ashirin suka ajiye nasu.

Ummu Usama ta fito tsakar gida da sauri, mayafinta a karkace.

"Khala Innayatu, don Allah. Tsohuwar ta ce a kawo mata takalmanta."

"Subhanallah," in ji Innayatu, ba ta motsa ba.

"Auren 'yata ne. Ku shigo, dukkanku."

"Za mu shigo. Amma finjalin farko Fatna ce za ta zuba."

Ummu Usama ta dubi Fatna. Wannan karon fuskarta ta duba. "Ki yafe mini, 'yar'uwa," ta ce.

Fatna ta gyara ɗankwalinta, ta ɗauki buta, ta wuce gaba. Ta tsaya a gaban tsohuwar, ta ɗan rusuna, ta zuba kaɗan, ta miƙa da dama. Tsohuwar ta sha, ta miƙo, aka ƙara. Sai a na uku ta girgiza finjalin, alamar ta ƙoshi.

"Gidan da ya san wadda zai sa ta zuba wa baƙo," in ji tsohuwar da ƙarfi, "gidan mutunci ne. A kira mana amarya."

Da suka fito, Zakiyya na bakin ƙofa, tana ta ba da haƙuri da Larabci kan latti.

"Lattinki ya yi amfani yau," in ji Innayatu. Ta buɗe ƙofar gaba, wurin zamanta na kullum, ta ce wa Fatna, "Shiga nan."

Littattafan tarihi sun rubuta sunayen waɗanda suka ƙi tashi daga kujerar bas a Amurka da waɗanda suka sha ɗauri a Afirka ta Kudu. Ba su rubuta na Innayatu da uwarta ba, alhali aikin iri ɗaya ne.

Darasi: Ba a auna mutum da launin fatarsa, kuma haƙƙin da iyaye suka sha wuya suka samo yana komawa baya ranar da aka ce "bar shi, ba komai." Idan an wulaƙanta na kusa da kai, tsaya tare da shi ko da za ka yi asara. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman wanda kuka san an taɓa tura shi kicin.