Sifika Biyu a Cikin Kabad

Akwai wani mutum, manomin citta, yana da sifika biyu na jin waƙa. Tun yana saurayi ya saye su, a shekarar da gonarsa ta fara yin albarka. Akwatuna ne na baƙin katako, masu nauyi, kowace ta kai gwiwar babban mutum. Ba irin na yanzu ba ne masu wuta ja da kore. Muryarsu mai kauri ce, mai daɗi. Mutumin nan yana ƙaunarsu ƙwarai, har matarsa Afiniki takan ce wa 'ya'yanta, "Ku wuce a hankali, yayyenku suna hutawa."

Saboda wannan ƙauna sai ya naɗe kowace da leda, ya lulluɓe ta da ƙyallen saƙa, ya sa su cikin kabad mai gilashi a falo, a ƙarƙashin kwanukan matarsa. Ya huda bayan kabad ɗin, ya zura waya ta nan. Ya kulle ƙofa, makulli kuwa kullum yana aljihunsa. In zai ji waƙa, a haka yake ji, ƙofa a rufe. Shekaru suka wuce, kunnensa ya saba, har ya manta yadda muryarsu take a da.

Mutumin yana da uwa tsohuwa a gidan. Shi ne autanta, kuma ko da furfura ta fito masa, Auta take kiransa. A zamaninta ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya, na bayan coci ma ba ya tambayar me aka ce. Amma ƙafa ta ƙi, kunne kuma ya fara nauyi. Ɗanta yana ƙaunarta, shi ya sa ya ba ta ɗakin ƙurya inda iska ba ta kaiwa, ya sa labule mai kauri, ya hana jikoki shiga don kada su dame ta. Abinci ba ya yanke mata, magani ba ya yanke mata. Ba wanda zai ce bai kula da uwarsa ba.

Wata rana uwar zumunta ta zo gaisuwa, ta kawo kaset. Ta ce matan sun je taron shekara, sun rera waƙar nan da Iya ta tsara tun da daɗewa, aka ɗauka, ga shi sun kawo mata. Da baƙuwar ta tafi, tsohuwa ta kira ɗanta ta ce, "Auta, kunnen nan kullum ƙara rufewa yake yi. Abu ɗaya nake so kafin ya rufe gaba ɗaya. Ina so in ji yadda yaran nan suke rera waƙata."

Ya ce, "Iya, wannan ai ƙaramin abu ne. Wa yake da sifika irin tawa a garin nan?"

Ya sa kaset a tsohuwar rakodarsa, ya murɗa har ƙarshe, ya ɗaga labulen ɗakinta kaɗan. Da aka gama ya leƙa ya ce, "Iya, kin ji?"

Ta ce, "Na ji ƙudan zuma a cikin tulu. Su ne matan?"

Abin ya dame shi. Ran kasuwa ya je wurin mai gyaran rediyo ya faɗa masa. Masu zama a bencin shagon suka ce, "Baba, tsofaffin akwatunan nan sun gama aiki. Ka zubar, ka ɗauki sababbi."

Ya ce, "Ku zubar da naku. Nawa ba inda za su."

Mai gyara ya ce, "Kada ka zubar. Irin waɗannan ƙarfi suke so, rakodarka kuwa ba ta da shi. Ka haɗa musu amfilifaya, ita ce za ta tura musu sauti yadda ya kamata."

Mutumin ya ɗauko amfilifaya a bayan babur, ya kawo gida, ya haɗa. Gaskiya mai gyara ya faɗa, sauti ya ƙaru. Ya ƙaru har kwanukan da ke cikin kabad suka kama rawa, murafensu suna kaɗawa. Afiniki ta fito daga kicin da muciya a hannu ta ce, "Baban Keziya, tun da aka kawo kwanukan nan ban san sun shiga zumunta ba."

Ya ce, "Ke dai koma ga tuwonki." Ya leƙa ɗakin ƙurya. "Iya, yanzu fa?"

Ta ce, "Yanzu ƙudan zuman sun samu masu buga musu kwano."

Bai karaya ba. Ya sake duba wayoyinsa, ya ga sirara ne, ɓera ma ya taɓa su, an ɗaɗɗaure da tsumma. Ya cire su, ya sayo masu kauri na jan ƙarfe. Sauti ya ƙara tsabta. Ya lura wutar garin tana hawa tana sauka, murya tana rawa tare da ita, sai ya sa sola da batir. Murya ta tsaya daram. Ya sa aka wanke kan rakoda, tsakin da take yi ya tafi. Duk abin da ya yi daidai ne, ba na cewa ya yi wauta. Kowane gyara ya ƙara wani abu. Amma duk lokacin da ya leƙa ɗakin ƙurya, tsohuwa sai ta girgiza kai. Tana jin ana waƙa, ba ta jin abin da ake faɗa.

Afiniki ta ce masa, "Ka gyara gaba, ka gyara baya. Ka buɗe musu ƙofa mana."

Ya ce, "In buɗe ƙura ta shiga? Yaran nan da hannunsu na manja? Kin san shekara nawa ina tsaron abin nan?"

Ta ce, "Na sani. Tare muke tsaron."

Ran Lahadi da la'asar, bayan an dawo daga sujada, ya sake sa kaset ɗin, ya durƙusa bayan kabad yana taɓa waya. Sai ya ji motsi. Ya juya, ga uwarsa a bakin ƙofar falo. Ta gaji da jira, ta jawo jiki a ƙasa tun daga ɗakinta, tana so ta ga abin da yake cinye mata waƙa.

Ya tashi da sauri ya ce, "Iya, me ya fito da ke? Iska za ta buge ki."

Ta dubi kabad, ta dubi gilashi, ta dubi ƙyalle da leda da ɗan kwaɗon da ke rataye. Sai ta fashe da dariya, har tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Auta, ashe mu uku ne a tsare a gidan nan. Ni na ɗauka ni kaɗai ce."

Mutumin ya ɗora hannunsa a kan aljihun da makulli yake.

Ta ce, "Ka ba su abinci mai kyau, na gani. Ni ma kana ba ni. Amma wa ya taɓa rera waƙa da zane a baki? Fito da mu tsakar gida, mu duka."

Ya ce, "Iya, akwai kaji a waje."

Ta ce, "Na san kaza. Tun kafin a haife ka nake kiwonta."

Ya ga ba hanya. Ya ciro makulli ya buɗe. Da ya yaye ƙyallen, ya warware ledar, sai wari ya bugi hancinsa. Danshi ya taru a ciki, gindin katakon ya fara fumfuna, kyankyasai kuma sun yi gida a kusurwa. Ɓarnar da yake gudu a waje, ga ta tana aiki a ciki cikin kwanciyar hankali, shi kuwa yana tsaron ƙofa. Afiniki ta kawo tsumma ta goge su tas.

Aka kife turmi biyu a gindin mangwaro, aka ɗora kowace sifika a kan ɗaya, da ɗan nisa tsakaninsu, suna fuskantar wuri guda. A wurin nan aka shimfiɗa tabarma. Mutumin ya ɗauki uwarsa kamar jaririya ya zaunar da ita. Ya jawo waya, ya danna.

Tulun kiɗa na matan ya fara bugawa, mai zurfi, har ana jinsa a ƙirji. Kacau-kacau ya shigo. Sai muryar mata ta tashi, kowace kalma a fili kamar suna tsaye a gindin itacen. Mutumin da kansa ya ja da baya, gama ya manta haka akwatunansa suke magana. Sabuwar amfilifaya da sababbin wayoyi sai a ranar suka nuna aikinsu.

Tsohuwa ta rufe ido, tana kaɗa kai. Ya durƙusa kusa da kunnenta ya ce, "Iya, kin ji?"

Ta ɗaga masa hannu ta ce, "Yi mini shiru." Can sai ta buɗe ido ta ce, "Sun yi sauri a baiti na biyu. Wa ya koya musu haka? Mayar da shi baya."

Ya mayar. Wannan karon ita ta ba da waƙar da bakinta, matan cikin kaset suna amsa mata. Muryar ta tsufa, amma ba ta kauce ko kaɗan ba. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, ta koma ta kira wata. Kafin rana ta faɗi tsakar gida ta cika. Uwar zumunta ta zo da tulunta a ka. Aka kashe rakoda, aka kunna, aka sake kashewa, Iya tana gyara musu baiti na biyu har sai da suka iya. Jikokin da aka hana shiga ɗakinta suka hau cinyarta. Afiniki ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga fili, tuwonta ya ƙone, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ana cikin haka wani zakara ya yi tsalle ya hau kan sifika ɗaya, ya tsaya yana kallon jama'a. Ƙaramin jikan kuma ya ɗora tafinsa mai maiƙo a kan ɗayar, yana dariya don katakon yana yi masa rawa a hannu. Mutumin ya gani. Ya ɗaga hannu zai yi tsawa, sai idonsa ya kai kan uwarsa tana tafi. Hannun nan da ya ɗaga, da shi ya shiga tafin.

Tun daga ranar, kowace Lahadi da yamma akan kife turmi biyu a gidan. Sifikokin sun samu ƙarzuna, ɗaya ma gefenta ya ɗan ɓantare. Kabad ya koma na kwanuka kaɗai. Kunnen tsohuwa ya rufe daga baya, kamar yadda ta faɗa, amma ya rufe da waƙarta a ciki. Ko bayan haka takan sa a matso da ita, ta ɗora hannu a kan katako, ta bi bugun tulu da tafinta.

To, yara, ku natsu ku ji ma'anar wannan misali, ba zan maimaita ba.

Sifikokin nan su ne abin kirkin da Allah ya ba kowannenku. Wani murya, wani hannu mai aiki, wani haƙurin zama da mara lafiya. Ba sabo kuke bukata ba. Ku daina kallon na maƙwabci mai wuta ja da kore. Wanda aka ba ku ya isa, in kun ciyar da shi.

Amfilifaya da wayoyi su ne Maganar Allah da addu'a da zuwa sujada. Kada wani yaro ya fita daga nan ya ce an ce ba su da amfani. Da mutumin nan bai gyara su ba, da ko a tsakar gida muryar ba za ta kai kunnen uwarsa ba. Sai da ƙarfi daga baya abu yake magana daga gaba.

Amma kabad ɗin nan, shi ne tsoro da yake sa rigar ƙauna. Akwai masu zuwa kowane taro, sun haddace ayoyi, sun cika fal, amma ba wanda ya taɓa jin komai daga gare su sai gunaguni kamar na ƙudan zuma. Kada a yi mini dariya, kada in yi kuskure, kada a ɓata mini. Akwai mai Littafi Mai Tsarki a gida an lulluɓe shi da ƙyalle, shafinsa fari tas kamar ranar da aka saya. Wannan ba girmamawa ba ce. Abin da aka rufe ba ya zama lafiya, ruɓewa yake yi a ɓoye. A ranar ƙarshe Ubangiji ba zai duba ko kun samu ƙarzuna ba. Zai tambaya wa ya ji.

Saura ku manya da kuke tsaye a bakin taga, na gan ku. Tsohuwar nan ba misalin komai ba ce, tsohuwa ce, kuma akwai irinta a gidajenku. Kun ba ta tuwo, kun ba ta magani, kun ja labule, kuna cewa kun gama. Ba ku gama ba. Akwai waƙa a bakinta da ba kowa ya iya ba, in ta tafi da ita ba mai dawo muku da ita.

Yau in kun koma gida, kafin kowa ya wanke hannu ya ci abinci, a ɗauko tabarmarta a shimfiɗa a tsakar gida. In ta ce kun yi sauri a baiti na biyu, ku mayar da shi baya.