Ɓauren Ƙaya da Rawanin Waziri

An yi wani sarki mai suna Jatau, wanda in ya ƙaunaci abu sai ya kashe shi da hidima. Wata shekara fatake suka kawo masa wani tsiro da suke kira ɓauren ƙaya, ganyensa mai kauri, fala-fala kamar tafin hannu. Fadawa suka rantse tinya ce, tsiron nan mai farin ruwa mai dafi, har sai da aka yanka ba a ga farin ruwa ba, kuma fatake suka ce 'ya'yansa sun fi zuma.

Sarki bai taɓa dasa ko albasa ba, amma ya yanki ganyayen ya binne su ɗanyu, yana yi musu ban-ruwa safe da yamma, har da laima don kada rana ta taɓa su. Duk suka ruɓe, saura ɗaya. Ya miƙa wa Waziri Mijinyawa, ya ce in wannan ma ya mutu, rawaninsa ya bi shi.

Waziri ya karɓa da hannu biyu don ladabi, ƙananan ƙayoyi suka cika masa yatsu. Ya jefar da abin a inuwar zaure, ya kwashe kwanaki yana tsince ƙaya yana Allah ya isa a zuci, har bakin yankan ya bushe. Da tsoron sarki ya rinjayi tsoron ƙaya, sai ya tura shi cikin yashi da tsinin sanda, bai ƙara kusantarsa ba, balle ruwa. Ga mamakinsa, abin ya yi saiwa, ya tofo.

Da sarki ya nemi sirrin, Waziri ya gyara murya kamar wanda ya shekara yana nazari. "Allah ya ja zamanin sarki, wannan tsiro mai rauni ne: a bar shi ya warke tukuna, sa'an nan a ba shi yashi da rana, a janye hannu. Haka ma wasu talakawan, alherin da suke nema shi ne a ƙyale su."

Sarki ya dubi kumburarrun yatsun Waziri, ya gane inda hikimar ta fito, ya yi murmushi. Ya ba shi alkyabba da awartakin riƙon ƙaya, ya kuma ɗora masa dasa tsiron a kewaye da gari duka. Waziri ya yi godiya, idonsa ya ciko.

Masu ilimi suka ce adalci shi ne a auna wa kowa gwargwadon bukatarsa, ko da bukatar ita ce mai mulki ya ɗauke tulunsa.